Tambaya da Amsa: Zuciyar maigidana ta raunana bayan ya fara wankin ƙoda

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana da shekara 54, kuma ya kai shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda bayan ya daɗe yana fama da hawan jini. A 'yan watannin nan haki ya matsa masa, ba ya iya kwanciya sai an jera masa matashin kai uku, ƙafafunsa kuma suna kumbura. An yi masa hoton zuciya, aka ce ta ƙara girma kuma ƙarfin bugunta ya ragu. 'Yan'uwansa suna cewa injin ne ya cinye masa zuciya, har wasu suna ba da shawarar a daina wankin a koma maganin gargajiya. Sau biyu a mako muke iya zuwa, wani makon ma sau ɗaya saboda rashin kuɗi. Don Allah a yi mini bayani. Daga wata uwargida a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri a kan wannan jinya. Kafin komai, ina roƙonku kada ku daina wankin, domin mutumin da ƙodarsa ta daina aiki, in aka yanke masa wanki, ruwa da guba za su taru a jikinsa cikin 'yan kwanaki, kuma zuciyar da ake son karewa ita ce za ta fara gazawa.

Abin da ya sami maigida ya zama ruwan dare a tsakanin masu wankin ƙoda, har ma ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ne ke kan gaba wajen ajalinsu a yawancin ƙasashen da aka yi ƙididdiga. Wani bincike da aka wallafa a 1995 a kan majinyata a Kanada ya gano cewa kusan uku cikin huɗu na waɗanda ke shirin fara wanki sun riga sun sami kaurin tsokar ɓangaren hagu na zuciya tun kafin a ɗora su a kan inji. Ke nan ɓarnar takan faro tun shekarun da hawan jini da ciwon ƙoda suke cin jiki a ɓoye.

Babban abin da ke wahalar da zuciyar mai wanki shi ne ruwa. Lafiyayyar ƙoda tana tace jini dare da rana, shi kuwa inji awa huɗu yake yi a kowane zama, sau uku a mako bisa ƙa'ida. Duk abin da maigida ya sha tsakanin wanki da wanki, in dai fitsarinsa ya ragu, yana nan a jikinsa, a cikin jijiyoyi da ƙafafu da huhu. Zuciya tana ta tunkuɗa wannan jinin da ya yi yawa, sai ta yi kauri, daga baya ta buɗe ta saki, kamar robar da aka daɗe ana ja. Hakin da yake yi in ya kwanta ruwa ne ke komawa huhu. Akwai ƙarancin jini kuma, domin ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini, kuma in jini ya yi ƙasa dole zuciya ta ƙara gudu. Sinadarin fosfet da ke taruwa shi ma yana haɗuwa da kalsiyam ya sandarar da jijiyoyi.

Duk da haka, maganar 'yan'uwansa tana da ƙanshin gaskiya a wuri ɗaya, kuma nan ne nake so ki fi mai da hankali. In majinyaci ya zo da ruwa mai yawa aka zuƙe shi cikin gaggawa, jininsa yakan faɗi, wato awon BP ɗinsa ya yi ƙasa, jinin da ke ciyar da tsokar zuciya ya ragu, wani sashe nata ya raunana na ɗan lokaci. In hakan yana maimaituwa mako bayan mako, raunin yakan zauna. Bincike ya nuna cewa haɗarin mutuwa yana ƙaruwa in ana cire fiye da mililita 13 a kan kowane kilo na nauyin mutum a awa guda. Ga mai kilo 60, wannan ya kama lita uku da ɗan ɗoriya a cikin awa huɗu. To, wanda ya yi mako guda bai zo ba, ya hau sikeli aka ga ya ƙaru da kilo biyar ko shida, ya sa ma'aikatan jinya a tsaka mai wuya: in sun bar ruwan, zai koma gida yana haki, in sun cire shi duka, zai yi jiri da murɗewar ƙafa da zufa mai sanyi a kan gado. Ko a Amurka, inda ake wanki sau uku a mako, wani babban bincike na 2011 ya gano cewa mace-mace da kwantarwa a asibiti saboda zuciya sun fi yawa a ranar da ta biyo bayan dogon hutun ƙarshen mako. In tazarar kwana biyu tana da irin wannan tasiri, kin ga abin da tazarar mako guda za ta yi.

Na san kuɗin wanki ya durƙusar da gidaje da yawa a ƙasar nan, kuma ba na ganin laifinku. Amma tunda adadin zuwanku bai kai ba, abin da ke hannunki shi ne rage ruwan da ke taruwa, kuma gishiri ne mabuɗinsa, domin shi ke jawo ƙishirwa ya kuma riƙe ruwa a jiki. Bai kamata gishirin da zai ci a yini ya kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen miya, da yajin tsire, da kilishi, da garin taliyar leda. Kanwa ma ta shiga ciki, domin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, shi ne ya cika ta; likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan shan kunun kanwa da gazawar zuciya ga masu jego. A ware masa tukunyarsa, a gyara ta da albasa da tafarnuwa da citta. Game da sha, abin da aka saba bai wa majinyaci a yini shi ne kimanin rabin lita, wato leda ɗaya ta fiya wata, a ɗora a kan yawan fitsarin da ya yi jiya, kuma koko da shayi da fura da romo duk ruwa ne. Likitansa zai iya ƙara masa saboda zafin garinku. Ki nemi sikeli a gida ki riƙa auna shi kowace safiya kina rubutawa.

Sai a kula da potasiyam, wani sinadari da ke cikin abinci, wanda in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Yana da yawa a dabino da ayaba da lemon zaƙi da dankali da tumatirin gwangwani, da kuma gishirin da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini. Jiƙe-jiƙen gargajiya suna da haɗari ta wannan fuska, domin babu wanda ya san abin da ke cikinsu kuma babu ƙodar da za ta fitar da shi. Haka nan ya guji magungunan rage raɗaɗi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ke kashe ɗan sauran aikin da ƙodar take yi.

A zuwanku na gaba, ki nemi ganin likitan ƙoda ki tambaye shi ko lokaci ya yi da za a sake ƙiyasta nauyin da ake so maigida ya sauka a kai bayan wanki, domin majinyaci yakan rame ruwa ya maye gurbin naman ba a lura ba. Ki tambaya ko za a iya tsawaita zaman a riƙa cire ruwan a hankali, ko a ɗan rage ɗumin ruwan injin in jininsa yana faɗuwa. A duba yawan jininsa, wanda ake so ya tsaya tsakanin 10 da 11.5 a gwajin jini na haemoglobin, a ba shi sinadarin ƙarfe da allurar ƙara jini in da buƙata. Akwai magungunan zuciya irin su carvedilol da aka gwada a kan masu wanki aka ga amfaninsu, amma likitan zuciya da na ƙoda ne za su zaɓa tare, su kuma tsara lokacin shansu a ranar wanki. Sau da yawa in aka sauke ruwan yadda ya kamata aka gyara jini, hoton zuciya na gaba yakan nuna sauƙi. In akwai mai ba shi ƙoda a dangi, ku tayar da maganar dashe, wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun 2002, domin zuciya takan farfaɗo bayansa ga mutane da dama.

Idan kuwa haki ya kama shi yana zaune, ko ya ji ciwon ƙirji, ko bugun zuciyarsa ya rikice, ko gaɓoɓinsa suka mutu ya kasa ɗaga ƙafa, ko ya fara tari da kumfa, kada ku jira ranar wanki. Ku kai shi sashen gaggawa a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne, ku kuma shaida wa likitan da ke aiki ranar da aka yi masa wanki na ƙarshe.