Nawa ne kuɗin sola, kuma ina tallafin yake?

Jiya muna saukowa daga saman kwano ka tambaye ni me ya sa ban yanke wa Alhaji farashi nan take ba, kuma ko gaskiya ne abin da ya gani a waya, wai gwamnati na mayar wa mutum kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da ya kashe a sola. Gajiya ta hana ni amsa maka yadda ya kamata. Ga amsar yanzu, ɗana.

Sola ba buhun siminti ba ce da za ka ce ga kuɗinta. Kafin ka buɗe baki, shiga gidan da biro da takarda, ka tambayi abin da suke kunnawa bayan magariba, domin wutar dare ce ke cin kuɗi. Ɗauki gidan Alhajin. Fanka uku, kowacce wat 70, awa goma: yunit biyu da ɗan ɗoriya ke nan, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Ƙara ƙwayayen fitila takwas, talabijin da firji, ka tashi da yunit huɗu kafin gari ya waye. Batirin ruwa mai 220Ah yana ɗaukar kusan yunit biyu da rabi, amma rabi kawai za ka riƙa ja in kana so ya yi ƙarko. Sai an jera huɗu ke nan, kuma a zafin Kano da wuya su wuce shekara uku da lafiyarsu. Batirin litiyom ɗaya mai yunit biyar zai riƙe gidan, ya daɗe ninkin ba ninkin, sai dai kuɗinsa na tashin farko yana sa mai gida ya gyara zama. Fanel huɗu masu wat 550 za su cika shi su kuma riƙe gidan da rana, muddin ana share musu ƙurar hunturu. Da matar gida ta ce za ta riƙa sa dutsen guga, ko maigida ya ambaci na'urar sanyaya ɗaki, lissafi ya koma sabo tun daga inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida.

Sannan akwai dala. Yawancin kayan nan daga Sin ake shigo da su. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. A tsakanin nan na taɓa yanke wa wani bawan Allah farashi, ya kawo kuɗi bayan mako uku, na je kasuwa na tarar batir ya tashi. Daga aljihuna na cika, don na riga na yi magana. Tun ranar nake rubuta kwanan wata a saman takarda, in ce farashin na kwana uku ne.

Maganar kashi 30 kuwa ta Amurka ce. A can a da ana rage wa mai gida kason daga harajin da zai biya, amma dokar da suka yi a 2025 ta kawo ƙarshen rangwamen ga gidaje daga ƙarshen shekarar. A nan babu ofishin da mutum zai kai rasit a ba shi kuɗi. Kada ka kuskura ka yi wa kowa wannan alƙawari don ka samu aiki.

Tallafin da ke akwai ta wata ƙofa yake bi. Hukumar samar da wuta a karkara, REA, tana da shirin DARES, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 750 a Disambar 2023. Kamfanonin da suka cika sharuɗɗa ake biya bayan an tabbatar sun kafa wutar, su kuma su sauke farashi ga mai saye. Ƙauyukan da layi bai kai ba da masu ƙananan na'urori sun fi cin moriyarsa. Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai irin su Sun King, a ba da kafin alƙalami, a riƙa biya kaɗan-kaɗan har kaya ya zama naka. Ka zauna da mutum ku tara jimillar tukuna, don ta fi ta mai biya hannu da hannu.

Abin da ke shawo kan mai gida na gaskiya shi ne lissafin aljihunsa. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, janareto ya zama kishiya a gida. A Afrilun 2024 yunit ɗin masu Band A, wato rukunin da aka fi ba wutar layi, ya tashi daga wajen naira 68 zuwa 225. Ka kuma tuna Oktoban 2024, da Arewa ta fi mako a duhu, wayata ba ta huta ba. Tambayi Alhaji lita nawa yake ƙonawa a dare, ka ninka da kwana talatin, ka ajiye kusa da kuɗin batir, shi da kansa zai ga wata nawa kuɗinsa za su dawo.

In kuɗin bai kai ba, kada ka rage kaurin waya ko ka sa fanel ɗin da aka liƙa wa lambar ƙarya. Rage kayan da za a kunna, a sauya fankokin da masu cin wat 20 ko 30, ka zaɓi inbatar da za ta karɓi ƙarin fanel baɗi. Gobe da safe ka riga ni zuwa gidan Alhaji, ka duba bayan firjin ka rubuto mini wat ɗin da ke jikin takardar.