Zauren Tambaya: Riɗinmu Ya Maƙale a Legas, Me Kwamitin Abuja Zai Yi Mana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Kumo, jihar Gombe. Riɗi da wake nake saye a kasuwannin ƙauye in tara in sayar wa dillalan Kano. Bara muka haɗa jari da abokaina don mu fitar da riɗi waje da kanmu. Kaya ya isa Legas ya yi makonni a zaune. Wannan ofis ya ce sai takardar wancan, wancan ya ce sai na farkon ya sa hannu, kuɗin zaman kwantena ya cinye ribar har ya taɓa uwar kuɗi. Yanzu kuma ina ji a rediyo ana maganar kwamitin sauƙaƙa kasuwanci da wani tsari wai shi taga ɗaya. Tsakani da Allah, Malam, wannan ba kwamitin karɓar alawus ba ne? Ba gara a soke hukumomin nan kowa ya huta ba?
Daga mai karatu a Kumo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar muku da mafi alherin abin da kuka rasa. Na daɗe ina aikin takardun fitar da kaya a Legas kafin in dawo gida Gombe, kuma na ga dattawa masu mutunci suna zubar da hawaye a kan irin wannan asara. Duk da haka ba zan goyi bayan soke hukumomin ba, kuma kwamitin da kake wa kallon banza shi nake so ku 'yan hatsi ku riƙe da hannu biyu.

Mu fara da waken da kake saye. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya, saboda an yi ta samun sinadarin dichlorvos a cikinsa fiye da ƙima. Shi ne dafin da ke cikin fiya-fiya, wanda wasu ke zuba wa wake a sito don gudun ƙwari. Da farko haramcin shekara ɗaya aka ce, daga baya aka tsawaita shi. Laifin 'yan kaɗan ya shafi manomin Dukku da na Bajoga da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mai sayen riɗi a Japan ko Turkiyya bai san ka ba, bai taɓa jin sunan Kumo ba. Takardar hukuma yake dubawa ya yarda kayanka lafiyayye ne. Ranar da aka soke mai ba da takardar, ranar ka rasa mai saye.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda aka rarraba aikin. Kwastam tana ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi. Hukumar NAQS, mai ba da takardar shaidar lafiyar tsirrai, ta Ma'aikatar Noma ce. NAFDAC ta Ma'aikatar Lafiya ce. Hukumar ingancin kaya ta SON da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC suna Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Tashoshin ruwa na hannun NPA, ita kuma tun 2023 tana sabuwar ma'aikatar harkokin teku. Fom ɗin NXP, wanda ba a fitar da kayan kasuwanci sai da shi, ta banki ake cike shi bisa ƙa'idar Babban Banki. Kowace hukuma da dokar da ta kafa ta, da kuɗin shigar da ake jira ta tara, da ministan da take shakka. Jami'in da ya ce maka sai wancan ya sa hannu, sau da yawa bisa ƙa'idar gidansu gaskiyarsa ce. Abin da aka rasa shi ne wanda zai zaunar da su duka ya ce: takardun nan biyu abu ɗaya suke tambaya, a bar guda, binciken nan uku a yi su rana ɗaya, a buɗe kwantena sau ɗaya a rufe. Ba minista ɗaya da zai iya faɗin haka, domin ba ya iko da ma'aikatan ɗan'uwansa. Kuma duk inda mutum ya yi jira bai san ranar fita ba, nan ne na goro ke samun ƙofa.

Wannan ciwo ba na Najeriya kaɗai ba ne. Shi ya sa ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, suka cimma yarjejeniyar sauƙaƙa kasuwanci a Bali ta Indonesiya a watan Disamba 2013. Najeriya ta amince da ita a Janairu 2017, yarjejeniyar kuma ta fara aiki a 22 ga Fabrairu 2017. In ka karanta ta, sai ka ce kukanka aka saurara aka rubuta. Ta ce a wallafa ƙa'idoji da kuɗaɗen da ake biya kowa ya gani. Ta ce hukumomin kan iyaka su haɗa kai da juna. Ta ce kayan da ke saurin lalacewa a ba su fifiko. Sashe na 23 kuma ya wajabta wa kowace ƙasa ta kasance da kwamitin ƙasa na daidaita aikin. Namu yana Ma'aikatar Ciniki. An ba ƙasashe masu tasowa dama su ware alkawuransu kashi uku: abin da za su yi nan take, abin da ke buƙatar lokaci, da abin da sai an tallafa musu da kuɗi ko horo. Rahoton WTO na 2015 ya kiyasta cewa in aka aiwatar da yarjejeniyar gaba ɗaya, tsadar ciniki tsakanin ƙasashe za ta ragu da kimanin kashi 14 cikin 100. A riɗi, Alhaji, ka fi ni sanin cewa ribar buhu ba kullum take kai haka ba.

Shakkarka kuwa tana da tushe, ba zan ɓoye maka ba. A 2011 gwamnatin tarayya ta umarci hukumomi da dama su fice daga tashoshin ruwa don rage cunkoso. Bayan 'yan shekaru wasunsu suka koma. A 2016 aka kafa majalisar PEBEC ta sauƙaƙa harkar kasuwanci a ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo, kuma a Mayu 2017 aka sa hannu kan umarnin shugaban ƙasa na farko, wanda ya ce hukumomin tashar ruwa su haɗu su yi bincike tare. Umarni mai kyau ne ƙwarai. Amma da ya zauna daram, da kayanku bai kwana makonni ba. Ka kuma tuna 2019: a Yuli Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a Yamai, a Agusta aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Ko me mutum yake gani game da dalilin rufewar, a ra'ayina wannan ya nuna ɓangarorin gwamnati ba sa tafiya da murya ɗaya. Darasin da na ɗauka shi ne, ba da umarni abu ne mai sauƙi, bin diddiginsa wata bayan wata shi ne aikin, kuma wannan sai da zaunannen kwamiti mai haƙori.

Taga ɗayan da ka ji, Shugaba Bola Tinubu ne ya ƙaddamar da shirinta a Afrilu 2024. Ma'anarta, ka shigar da bayanan kayanka sau ɗaya ta intanet, duk hukumomin da abin ya shafa su gani a nan, su amsa a nan, ka biya a nan. Singafo ta fara irin wannan tun 1989, Senegal a 2004, Ruwanda a 2012, don haka ba abin da ya gagari baƙar fata ba ne. Tsorona guda ne. In aka kwashe tsofaffin takardu yadda suke aka loda a kwamfuta, ba tare da an zauna an soke masu maimaita juna ba, to layin da kake bi a tsaye za ka koma binsa a waya. Aikin sokewar nan shi ne mai wuya, domin kowace takarda da aka soke, wata hukuma ce ta rasa kuɗi ko iko. Ba mai sakin nasa da daɗin rai. Sai an sami na sama da su duka wanda zai yanke hukunci.

To ta yaya za ka bambance kwamitin aiki da na alawus? Ni abin da nake fara tambaya shi ne, wa ke zama a taron? In shugabannin hukumomi ne da kansu, ana iya yanke shawara a tashi. In ƙananan ma'aikata ake turowa, kowa zai ce sai ya je ya tambayi oga, taro ya watse haka nan. Sai in tambaya ko kwamitin yana da ofis da ma'aikata na dindindin da kasafinsa, ko kuwa sai wata ƙungiyar waje ta biya kuɗin otal sannan a haɗu. Tallafin waje yana da amfani, musamman wajen horo da na'urori, amma kwamitin da ke numfashi da kuɗin baƙo, ranar da baƙo ya tafi shi ma ya kwanta. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne awo. A 2024 Kwastam ta fara binciken auna tsawon lokacin da kaya ke ɗauka kafin a sake shi, a tashar ruwa ta Tin Can da ke Legas. Irin wannan nake so a riƙa yi duk shekara, har da kayan fita, a buga sakamakon a jarida: kwana nawa a hannun wace hukuma. Da zarar an san a teburin wa kaya ke kwana, tura wa juna laifi ya ƙare.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Duk maganar nan a bakin teku ake yin ta, alhali wahalar ɗan Gombe tun daga kasuwar Tudun Hatsi ta garin Gombe take farawa. Tirelarka za ta bi Bauchi, Jos, Akwanga, Abuja, Lokoja, ta yi fiye da kilomita 1,000 kafin ta ga ruwa, kuma kowace jiha da ƙaramar hukuma da rasit ɗinta. Tun 1998 aka yi dokar da ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji, amma kowane direba ya san abin da ke faruwa. Layin dogon da ya iso Gombe a shekarun 1960, wanda ya taɓa kwasar gyaɗa da auduga, yau ba ya ɗaukar mana komai. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtua a 2024, da nufin a duba kaya a rufe kwantena tun daga Arewa. Amfaninsu bai cika sai in hatimin da aka buga a Kano an girmama shi a tashar ruwa ta Apapa da ke Legas, ba a sake fasa kwantenar ba. Wannan ma aikin daidaitawa ne. Kwamitin da babu jihohi a ciki, babu 'yan kasuwar tudu a ciki, rabin hanyar kawai zai gani. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Saboda haka, Alhaji, shawarata ita ce kada ku tsaya ga ƙorafin majalisa bayan la'asar. Ku zauna da abokanka ku rubuta tafiyar riɗin nan daga Kumo har cikin jirgi: ranar da ya tashi, inda aka tsayar da shi, abin da aka biya, mai rasit da maras rasit, kwanakin da ya yi a kowane mataki. Ku sa wasu 'yan ƙungiyarku su yi haka. Ku kai wa cibiyar 'yan kasuwa ta jiha, ita ta miƙa wa uwar ƙungiya ta NACCIMA, ku ba Ma'aikatar Kasuwanci ta jiha kwafi, ku ba ofishin NEPC. PEBEC ma tana da shafin karɓar koke a intanet. Jami'i yana iya kau da kai daga mutum ɗaya mai fushi, amma takarda mai kwanan wata da adadi, da sa hannun ƙungiya, tana da wuyar turewa. Ku kuma nemi gwamnatin jiha ta kafa ɗan ƙaramin zaure inda masu fitar da kaya, direbobi, hukumar tara haraji da jami'an tarayya da ke Gombe za su riƙa haɗuwa.

In za ku sake gwadawa bana, ku kammala rajistar NEPC da fom ɗin NXP, ku nemi a duba riɗin a ba ku takardar lafiyarsa, ku tabbatar da gurbi a jirgi, duka kafin tirela ta bar sito. Ku kuma rubuta yarjejeniya da ejan ɗinku a kan wanda zai ɗauki kuɗin jinkiri.

TAMBAYA: Baba, ina sarrafa garin kunun gyaɗa a Bauchi, kuma wata 'yar'uwa a Kumasi ta Ghana ta ce za a saya a can. Ni ma sai na bi duk hanyoyin nan?
Daga mai karatu a Bauchi.

AMSA: 'Yata, Allah ya sa albarka a sana'ar. In kyauta ce ko ɗan samfur za ki aika, ba sai kin wahalar da kanki ba. In kuwa kasuwanci za ki kafa, ki fara da rajistar sana'arki a hukumar CAC, sannan lambar NAFDAC tunda abinci ne, sannan rajistar NEPC, wadda ta intanet ake yi. Ghana tana cikin ECOWAS, kuma akwai tsarin ETLS da ya yafe kuɗin fito ga kayan da aka yi a yankin. Ɗanyen amfanin gona da aikin hannu sun fi sauƙin wucewa, amma kayan da aka sarrafa sai an nemi amincewar kwamitin ƙasa da ke Ma'aikatar Harkokin Waje. Ki sani Ghana ma tana da hukumar abinci da magunguna tata, ki sa 'yar'uwarki ta je ta tambayi sharuɗɗansu kafin ki buga leda. Duk ofishin da aka ce ki biya wani abu, ki nemi a nuna miki a rubuce, ki karɓi rasit. Kuma in kun kai ku biyar ko goma masu irin wannan sana'a, ku haɗu a ƙungiyar gama kai ku yi takardun tare, kuɗin zai fi muku sauƙi.