Amsa: 'Yan ƙananan fungas masu kamar kofi a kan ruɓaɓɓen itace

Malam, ka ce ka samu 'yan kofuna masu launin toka, faɗinsu bai wuce milimita 2 ba, a ƙarƙashin gungumen itace, kuma da ka sa su a ruwan KOH (sinadarin potassium hydroxide) ba ka ga komai ba a madubin ƙara girma (microscope). Matsalar daga KOH ɗin take. Yana kashe ƙwayoyin halitta nan take, alamomin da kake nema su ɓace.

Ka fara da ruwa zalla, tun samfurin yana da rai. Yanka siriri da sabuwar reza, ɗora a ɗigon ruwa, rufe da gilashi, amma kar ka danna da ƙarfi, jakunkunan da ke ɗauke da ƙwayoyin irin fungas ɗin za su fashe. Duba a ninki 400, sannan 1000 da mai.

Lura da zaren da ke tsaye tsakanin jakunkunan. Idan cikinsu na ɗauke da wani dogon abu mai ƙyalli kamar an zuba mai, ka karkata ga jinsin fungas da ake kira Mollisia. Sai ka shigar da ruwan Lugol (ruwan aidin ne) ta gefen gilashin: bakin jakar Mollisia yakan yi shuɗi, na Orbilia kuwa, wani jinsin masu kamar kofi, ba ya canzawa. Na fi son Lugol a kan Melzer (shi ma ruwan aidin ne), domin Melzer yana ɓoye jan launin da wasu ke bayarwa.

Ka auna ƙwayoyin iri aƙalla 20, waɗanda suka fito da kansu, ba na cikin jaka ba. Matattu sukan tsuke, awon ya ragu. Ka rubuta irin itacen ma, ka ajiye sauran samfurin cikin akwati mai danshi a firji.