Fiyano mai kaɗa kansa: daga feda ake fara gyara

Yaro, ka ce ka sake wa tsohon fiyanon nan tiyo gaba ɗaya, amma feda ta yi sakwa-sakwa, sai ka yi ta taka da sauri kafin takardar waƙa mai ramuka ta motsa, ga kuma maɓallai uku da ke danne kansu tun rami bai zo ba. Matsala biyu ce, kuma ka faro daga sama alhali daga ƙasa ake farawa.

Zuga-zugin maƙeri hura iska yake yi, na ƙarƙashin fiyano kuwa zuƙa yake. Feda biyu suna jan zuga-zugi biyu da ke kwashe iskar akwatin bawul, na uku mai sifirin yana riƙe zuƙar tsakanin taku da taku. Da ramin takarda ya hau kan sandar tagulla mai huji 88, iskar waje za ta bi tiyo ta kumbura wata siririyar fata, fatar ta ɗaga bawul, ƙaramin zuga-zugin maɓallin ya tsotse ya buga guduma. Shi ya sa tiyo mai yoyo ke sa maɓalli kaɗawa da kansa, don injin bai san bambancin rami da tsaga ba.

Koma ƙasa tukuna. Zare babban tiyon da ke hawa sama, toshe bakinsa, ka taka sau uku ko huɗu. Zuga-zugi mai sifirin ya kamata ya rufe, feda ta yi tauri, sannan ya buɗe a hankali. In ya buɗe nan take, akwai yoyo. Duba fatun da ke rufe ramukan jikin katako, yawanci sun bushe sun nannaɗe. Sa tocila a cikin zuga-zugin cikin duhu, za ka ga haske ta kusurwoyin yadin robar da ya lulluɓe shi, nan yake fara cinyewa. Kayan shekarun 1920 ne galibi, kada ka ɓata lokaci da faci, sake yadin duka. Amma auna faɗin buɗewar zuga-zugin kafin ka ɓare tsohon yadin. Ka yi aiki da gam ɗin fata da ake narkarwa a zafin kusan digiri 60, domin wanda zai gyara bayanka ya iya cirewa ba tare da ya fasa katako ba. Farin gam na kafinta bai da wuri a nan. In sandunan da suka haɗa feda da zuga-zugi suna wasa, sake musu ƙyallen cikin rami, ka ɗaure sukurori daidai, ban da matsewar da ke cinye katako.

Sai tiyo. Tun taron Buffalo na 1908 a Amurka aka tsaya kan huji 9 a kowane inci na sandar, ka ga kuwa bakunan tagullar da ake cusa wa tiyo a cunkushe suke. Girman tiyon da aka fi sa musu shi ne inci 9/64; wanda ya fi haka faɗi zai zauna kamar ya kama, yana shan iska ta gefe. Tsohuwar robar da ta ƙandare tsaga ta ake yi da reza a tsaye, ba a fizga, in ba haka ba bakin tagullar ya biyo ta. Ɗaya bayan ɗaya ake sakewa, a bar ɗan rara kada ya lanƙwashe. Inda ka tarar da bututun dalma yana fitar da farin gari, guba ce: rufe hanci, goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada ka hura da baki.

Maɓallanka uku kuwa, manna tef a kan sandar duka, ka taka. Wanda ya danne, matse tiyonsa da yatsa kusa da akwatin bawul. In ya saki, laifin tiyo ne ko bakinsa. In bai saki ba, buɗe akwatin: ko datti ya hau bawul, ko ɗan mitsitsin ramin da ke sace iskar ƙarƙashin fatar ya toshe, sau da yawa da garin dalmar nan. Zuƙe shi da famfon hannu. Kada ka zura allura, don in ramin ya ƙara faɗi maɓallin zai riƙa nawa ko ya ƙi kaɗawa sam.