Tambaya da Amsa: Dila Ya Gyara Mini Tirelar Zango, Yanzu Ruwa Yana Shiga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina a birnin Kolombos na jihar Ohayo a Amurka. Shekara biyu da suka wuce na sayi tirelar zango, wato ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, mai gado da kicin da banɗaki, wanda ake tafiya hutu da shi. A bana ina ja da baya a wani wurin shaƙatawa sai reshen bishiya ya tsaga bangon faiba a kusurwar baya ta sama, ya kuma ɗaga ƙarfen da ke haɗa bango da rufi. Na kai wa dilan da ya sayar mini, inshora ta biya, ni ma na biya kason da ya hau kaina, tirelar ta yi wata huɗu a wurinsu. Da na karɓo ta sai na tarar fentin bai dace da na asali ba, wurin gyaran ya yi tudu da kwari, notina sun shiga a karkace, an kuma lafta silikon, wato wani abin liƙi mai kama da roba, a kan ƙarfen kusurwa. Bayan ruwan sama biyu, cikin durowar kayan da ke wannan kusurwa ya fara warin danshi, bangon kuma ya yi laushi. Sun ce in kawo su ƙara silikon. Shin in mayar musu, ko in nemi wani wuri? Kuma ina da hanyar karɓar haƙƙina? Daga wani mai karatu a Ohayo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Daga cikin abubuwan da ka lissafa, fenti da notina su ne mafi sauƙi, ko da yake su ido ya fi gani. Abin da ya dame ni shi ne laushin bangon, domin yana nuna cewa ruwa ya riga ya isa inda bai kamata ya isa ba, kuma kowane mako da ya wuce ɓarnar ƙaruwa take yi.

Bangon irin tirelarka ba kamar bodin mota ba ne, inda fanalbita zai bubbuge ƙarfe, ya shafa fila, ya goge, ya fesa fenti. Hawa-hawa ne aka manne da gam: faiba daga waje, siririn allon katako a ƙarƙashinta, soso mai tare zafi da sanyi a tsakanin sandunan alminiyam, sannan allon ado daga ciki. Ƙarfin bangon gaba ɗaya ya dogara ne ga wannan mannewa. Idan ruwa ya shiga ta kusurwa, katakon yakan sha, ya kumbura, gam ya saki, faibar ta rabu da abin da ke bayanta ta yi ƙulu kamar kumburin ƙuna. Katakon da danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka, funfuna da ruɓa sukan kama shi. A Ohayo kuma ga hunturu: ruwa idan ya daskare yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100 na girmansa, don haka tsagar da ba ta fi kaifin reza ba a Nuwamba tana iya zama ƙofa kafin Maris.

Saboda haka ƙarin silikon ba gyara ba ne, rufe ciwo ne da mugunya a ciki. Aikin ƙwarai shi ne a cire ƙarfen kusurwar gaba ɗaya, a kankare tsohon abin liƙi, a duba katakon, a yanke wanda ya ruɓe, a busar da sauran, sannan a shimfiɗa sabon tef ɗin roba mai danƙo da ake kira butil a ƙarƙashin ƙarfen kafin a ɗaure shi. Wannan tef, wanda ba a ganinsa, shi ne ainihin mai tare ruwa. A saman rufi, wanda yawanci shimfiɗar roba ce ta EPDM ko TPO, ana zuba abin liƙi na musamman mai baje kansa, irin wanda kamfanin Dicor yake yi. Silikon yana da babban aibi a nan, domin idan ya bushe kusan babu abin da ke kama samansa, har da sabon silikon, kuma sai an cire shi ƙarƙaf kafin wani gyara ya zauna. Wanda ya lafta shi a kusurwar tirelarka ya ƙara wa mai gyara na gaba aiki.

Ba ina neman wa dilanka uzuri ba, amma yana da kyau ka san yanayin wannan sana'a. Galibin irin waɗannan tireloli a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, kuma a shekarar 2021 masana'antun sun fitar da kimanin dubu 600 na motoci da tirelolin hutu, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Ƙwararrun masu gyara ba su ƙaru da wannan sauri ba. Sannan dila mai sayarwa ne kafin ya zama mai gyara, kuma ma'aikacin da ya iya gyaran firij da wutar tirela ba lallai ne ya iya aikin faiba da haɗa launi ba.

Yau ɗin nan ka sa tirelar a ƙarƙashin rumfa ko ka rufe kusurwar da tamfol, ka buɗe durowar iska ta shiga, amma kada ka taɓa gyaran da hannunka, domin da zarar ka kankare wani abu ka ba su hujjar cewa kai ka ɓata. Ka ɗauki hotuna da rana, daga nesa da kusa. Bayan haka ka nemo mai duba tirela mai zaman kansa, wanda ba ya cin abincin kowane dila. Ƙungiyar masu duba motoci da tirelolin hutu da ake kira NRVIA tana ba irinsu shaidar ƙwarewa. Ka ce ya auna danshin bangon da na'ura ya rubuta maka rahoto. Akwai kuma gwajin da ake hura iska cikin tirelar da fanka a rufe ƙofa, a fesa ruwan sabulu daga waje, duk inda kumfa ya taso nan ne yoyon yake.

Da rahoton a hannunka, ka sanar da kamfanin inshorarka a rubuce cewa gyaran da suka biya bai yi ba, ka nemi su sake turo mai kimantawa. Garantin masana'anta ba zai taimake ka ba, tunda ɓarnar daga haɗari ta samo asali; abin da ke ɗaure dilan shi ne takardar aikin da ya rubuta da alkawarin da ya yi a kan ingancin aikinsa, don haka ka karanta ta layi-layi, ka kwatanta abin da aka caje da abin da aka yi a zahiri. Ka duba kuma ko ka sa hannu a sharaɗin sasanci ba tare da zuwa kotu ba.

Game da mayar musu, ra'ayina shi ne ka ba su dama sau ɗaya, domin alƙali da inshora duka za su tambaye ka ko ka ba su. Amma ka aika wa shugaban sashen gyara wasiƙa ta gidan waya, irin wadda ake sa hannu idan an karɓa, ka zayyana aikin da kake so, ka sa ranar kammalawa, ka ce a nuna maka hoton bangon a buɗe kafin a rufe, a kuma maimaita gwajin yoyo a gabanka kafin ka karɓa. Idan sun ƙi, ko suka nace a kan silikon, ka kai ta wurin masu aikin faiba, har da masu gyaran jiragen ruwa na faiba, ka karɓi kimantawa a rubuce daga wuri biyu. Ofishin Babban Lauyan jihar Ohayo yana karɓar koken masu sayayya kyauta, kuma kotun ƙananan ƙararraki ta jihar tana sauraron da'awar kuɗi har dala 6,000 ba tare da tilas sai da lauya ba. Idan kuɗin sabon gyaran ya zarce haka, ka ga lauya kafin ka shigar da komai. Ka yi ƙoƙari rahoton danshin ya kasance a hannunka kafin dusar ƙanƙara ta farko ta sauka.