Saƙon da na rubuta wa yayata ya faɗa wayar malamin tuƙina

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ina fata kina lafiya, ya aiki? Shekarata 27, kuma wata huɗu ke nan ina koyon tuƙi a wurin wani dattijo wanda a haife ya haife ni. An saka mini gwaji ranar Talata da ƙarfe 9 na safe. Ranar Litinin wajen ƙarfe 10 na dare sai ga saƙonsa a WhatsApp, wai kulocin motar da muke koyo da ita ya ƙone, tana wurin bakanike, amma kada in damu zai samo wata. Raina ya ɓaci matuƙa, domin mako biyu ina gaya masa motar tana ƙauri idan muka hau tudu, yana cewa ƙafata ce ba na ɗagewa daga kan kuloci. Sai na ɗauki waya don in huce a wurin yayata. Na rubuta: "Tsohon nan ya cuce ni. Kullum sai ya makara, ba abin da ya iya sai tsawa, ga shi ya bar akwalar motarsa ta mutu a daren gwajina. Da na sani da ban ɓata lokacina a wurinsa ba." Na tura. Sai da alamar nan biyu ta koma shuɗiya na ɗaga ido na ga sunansa ne a sama.

Na goge nan take, amma ya riga ya karanta. Bai ce uffan ba. Daren nan ban runtsa ba. Ƙarfe 7 da rabi na safe sai ga shi da motar wani abokinsa, ya amsa gaisuwata kamar kullum, ya zagaya da ni na minti 20. A wurin gwaji na kunna abin share gilashi maimakon sigina, mota ta mutu mini sau biyu, da na zo ribas kuma na hau dakalin gefen titi. Na faɗi. Da na fito abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya sa haka ya fi alheri, in kin shirya ki kira ni."

Yau kwana 9 ban kira shi ba. Ƙawata ta ce in gaya masa ƙanena ne ya ɗauki wayar, ko kuma in canza malami kawai. Yayata ta ce in tura masa saƙon ban haƙuri. Me zan yi, Anti? Kuma saƙon nan ne ya kayar da ni, ko dama ban iya tuƙin ba?

'Yarki mai bibiyar shafinki

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Bari in fara da shawarar ƙawarki, don ita ce ta fi tayar mini da hankali. Kada ki ce ƙanenki ne. Sake karanta abin da kika rubuta: makara, tsawa, motar da ta mutu a daren gwaji. Wane ƙane ne ya san waɗannan? Mutumin nan ya san ke kika rubuta, kuma ya san ba shi kika yi niyyar tura wa ba. Idan kika je masa da wannan labari, kin ƙara masa abu na biyu a kan na farko, wato bayan kin kira shi macuci kin kuma ɗauke shi marar wayo. Na farkon fushi ne ya jawo shi, kowa ya san fushi. Na biyun kuwa da natsuwarki za ki yi shi.

Ba a littafi na karanto wannan ba. Shekaru da yawa da suka wuce, lokacin da saƙon tes kaɗai muke da shi, wanda in ya fita ya fita ke nan, na rubuta wata magana a kan abokiyar aikina, na kuma tura mata da hannuna. Da ta zo ta nuna mini, sai na ce ai wata nake nufi mai irin halinta. Ta dube ni, ta ce to, ta koma kujerarta. Mun yi shekara shida a ɗaki ɗaya bayan wannan, ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Na tabbata da a ranar na ce mata "ni ce, kuma ke nake nufi, ki yafe mini," da an wuce wurin cikin mako guda. Har yau abin yana cina.

Yadda saƙon ya ɓace hanya kuwa, daina tuhumar hankalinki. WhatsApp yana jera hira ne bisa wanda aka yi magana da shi a ƙarshe, kuma malaminki ne ya turo saƙo minti kaɗan kafin nan, don haka shi ne a sama. Sunansa ne kuma ya cika miki kai. Wani masani ɗan Amurka, Donald Norman, ya yi rubutu a 1981 a kan irin waɗannan kurakurai, inda niyyar mutum daidai take amma hannu ya aikata abin a kan wanda ba shi ba, musamman idan abubuwan biyu suna kusa da juna kuma hankali yana wani wuri. Kin yi tunanin malam, yatsa ya bi tunani.

Gogewar da kika yi ba laifi ba ce, amma ki san iyakarta. WhatsApp ya kawo damar goge saƙo daga wayar kowa a 2017, a lokacin cikin minti 7 kacal, daga baya aka riƙa tsawaita ta har ta kai kimanin kwana biyu a 2022. Sai dai tana barin shaida a wurin cewa an goge wani saƙo, kuma ko alamar ba ta koma shuɗiya ba mutum yana iya karanta farkon saƙon a sanarwar da ke leƙowa a fuskar waya. Ana goge rubutu daga waya, ba a goge shi daga idon da ya gani. Ba banza aka ce magana zarar bunu ba.

Yanzu zo mu dubi abin da ke da kanki kika rubuta mini, wanda nake ganin ba ki tsaya kin auna shi ba. Mutumin da ya karanta an kira shi tsoho macuci da ƙarfe 10 na dare, shi ne ya je ya roƙi aron mota, ya iso ƙofarki ƙarfe 7 da rabi, awa ɗaya da rabi kafin lokaci, shi da kika ce kullum sai ya makara. Bai tayar da maganar ba, don ya san in ya tayar za ki shiga gwaji da kuka. Da kika faɗi bai ce alhakinsa ne ya kama ki ba. Ya ce ki kira shi. 'Yata, wannan ƙofa ce ya bar miki a buɗe, kuma kowace rana da kika ƙara a kan taran nan, shirunki yana gaya masa cewa abin da kika rubuta shi ne ainihin ra'ayinki a kansa.

Yayarki ta fi ƙawarki kusa da daidai, amma ni ban yarda da saƙo ba. Ta waya aka yi ɓarnar, kada ki sake laɓewa a bayanta. Ki kira shi ki ce kina son ganinsa, ki je da ƙafarki. Maganar ba ta buƙatar tsawo. Ki ce: "Malam, saƙon nan ni na rubuta, yayata na so in tura wa. Raina ne ya ɓaci na faɗi abin da bai dace ba, kuma duk da haka ka zo ka kai ni. Ka yi haƙuri ka yafe mini." Daga nan ki yi shiru. Kada ki saka "amma" a ciki, kada ki ce "in ranka ya ɓaci," domin ya ɓaci. In ya yi faɗa ki saurara. In ya ce ya wuce, ki karɓa kada ki yi ta maimaitawa.

Ban ce duk abin da ke cikin saƙon ƙarya ne ba. In da gaske yana makara kuma yana tsawa, kina da haƙƙin ki faɗa, domin mai koyon da ake yi wa tsawa ƙafarsa rawa take yi a kan feda, kuma lokacin darasi naki ne. Amma ba a ranar ban haƙuri ba. Bari sai kun koma mota, ki ce masa in ya ɗaga murya kanki yana kullewa, ya riƙa bari ki tsaya a gefe sannan ya yi gyara. Maganar kuloci kuma, ki yi masa adalci. Ƙaurin da kika ji a kan tudu, warin farantin kuloci ne idan ya yi zafi, kuma abin da ya fi jawo shi shi ne riƙe mota a kan hawa da rabin kuloci ana ba ta wuta, ko ɗora ƙafa a kansa ana tafiya. Masu koyo sun fi kowa yin haka, shi ya sa motocin koyarwa suke cin kuloci da wuri. Wato yana da gaskiya da ya ce ƙafarki ce. Ke ma kina da gaskiya, domin motar da ta yi mako biyu tana wannan ƙauri ga gwaji yana matsowa, kamata ya yi bakanike ya gan ta tun kafin ta kwanta.

Tambayarki ta biyu. Kurakurai ukun da kika lissafa duk na baƙuwar mota ne. A wasu motoci sandar sigina tana hagun sitiyari, a wasu tana dama, inda hannunki ya saba zuwa sai ya tarar da abin share gilashi. Kowane kuloci da inda yake kamawa, wanda ya tsufa yakan kama can sama, mai lafiya kuma tun ƙafa ba ta yi nisa ba, to ke da kika yi wata huɗu a kan wanda yake gab da ƙonewa, dole ƙafarki ta yi saurin saki, mota ta mutu. Alamomin da kika haddace na ribas, kamar inda gefen titi yake bayyana a madubi kafin ki karya sitiyari, sun dogara ne da tsawon motar da tsayin kujera da yadda aka saita madubin. Minti 20 ba ya isa a sauya abin da jiki ya koya a wata huɗu.

Saƙon kuma ya ƙara nasa. Ba ki yi barci ba, rabin hankalinki yana kan mutumin da ke jiranki a waje. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin fiye da mita 8 a kowace daƙiƙa, don haka daƙiƙa biyu na tunanin "ko me yake ji a ransa" tafiyar kusan mita 17 ce ba tare da ke ba. Wannan ranar ba ta auna iyawarki ba. Ta nuna dai cewa har yanzu tuƙinki na mota ɗaya ne, kuma wannan gyararre ne.

Kafin ki sake karɓar rana, ki tabbatar da motar da za ki shiga gwajin da ita, ki yi aƙalla darasi uku a cikinta, har da tashi a kan tudu da birkin hannu da kuma ribas. In da hali ki taɓa wata motar daban sau ɗaya ko biyu, don bayan lasisi ba motar malam za ki riƙa ja ba. Kwana biyu kafin ranar, ba daren ba, ku duba fitilun birki da sigina da taya da takardu. Ki kuma tambayi ofishin gwajin tun yanzu ƙa'idarsu ta ɗage rana, domin da kin san ta a daren Litinin ɗin nan, wataƙila da kin ɗaga maimakon ki shiga da motar da ba ki sani ba. A waya kuwa, WhatsApp yana bari a kafe hira uku a saman jeri, ki kafe ta yayarki a nan. In rai ya ɓaci, kira ta da murya ya fi.

Canza malami haƙƙinki ne, in bayan kun yi magana kin ga tsawar ba za ta ragu ba. Amma ko za ki canza, sai kin je kin gan shi tukuna. Ki kira shi gobe da safe, in kun gana ki rubuto mini yadda kuka yi.