Kafin ka yanka faifan nan, saurara ka ji

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka sayi laftof na hannu a nan Madina, kana son ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, kusa da Windows, amma da ka tayar da shi daga filasha zaɓin zama tare da Windows bai fito ba, sai na goge faifai da na yankawa da hannu. Ka kuma ce da ka koma Windows don rage faifan, giga 20 kaɗai ya yarda ya saki alhali fiye da rabinsa fanko ne.

Don girman Allah, kada ka taɓa zaɓin gogewar nan. Ni na taɓa shi, a shekarar da nake rubuta bahasin digirina na biyu. Na ware kason faifan da Windows ke kira D domin Linux, sai na ɗauka shi ake nufi da faifan da za a goge. Ashe Linux bai san wani C ko D ba. A wurinsa faifai guda ne, yana kiransa sda ko nvme0n1, kason da ke ciki kuma ya ba su lambobi, kuma in ya ce zai goge faifai to duka yake nufi. Babi biyu da rabi suka tafi, da hotunan wani rubutun hannu da na yi makonni ina ɗauka shafi-shafi a laburare. Dare biyu na yi PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, yana tono, ina zaune gaban tebur shayi ya huce a kofi ban sha ba. Abin da ya dawo ya dawo babu suna babu jaka, lambobi kawai, dubbai, sai na buɗe ɗaya bayan ɗaya. Babi na biyu ban same shi cikakke ba, sake rubutawa na yi. Kuma nawa tsohon faifai ne mai juyawa. In naka SSD ne, sabon nau'in da ba ya juyawa, abin da aka goge da wuya ya dawo.

Saboda haka aikin yau ɗaya ne: ari faifan waje, ka kwashe komai, sannan ka buɗe wasu fayilolin daga can ka tabbatar suna buɗewa.

Dalilin da zaɓin bai fito ba, a mafi yawan kwamfutocin da 'yan uwa suka kawo mini, Windows ne ya riƙe faifan. Abin da na fi zargi a naka shi ne BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, domin laftof da yawa suna zuwa da faifansu a kulle mai shi bai sani ba. A nan ne na fi jiye maka tsoro tunda na hannu ka saya. Mabuɗin ceto lambobi 48 ne, kuma galibi yana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. In ka canza wani abu a BIOS, wato saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ya tashi, Windows na iya tsayawa kan shuɗin allo yana neman lambobin, mai su kuwa wataƙila ya riga ya koma ƙasarsu. Shiga saitin tsaro ka kashe kullen, ka jira ya gama warwarewa ko da zai ɗauki sa'o'i, caja na jone.

Sai tashi da sauri na Windows, wanda ke sa na'urar ta yi barci kana zaton ta mutu. Buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, da ikon shugaba (administrator) ka rubuta powercfg /h off. Wannan umarni yana kuma taimaka wa matsalar giga 20 ɗinka, domin Windows ba ya iya rage kaso fiye da inda fayil marar motsi ya tsaya, kuma fayil ɗin barcin yana cikinsu. In har yanzu ya ƙi, kashe pagefile (fayil ɗin da Windows ke ƙara wa ƙwaƙwalwarsa fili da shi) da wuraren maido da tsari na ɗan lokaci, ka sake kunna na'urar ka gwada. Na fi son a yi ragewar daga cikin Windows, GParted, manhajar yanka faifai ta Linux, sai in babu makawa. Filin da ya fito ka bar shi haka nan kada ka yi masa fomat, Ubuntu zai gan shi da kansa. Giga 60 zuwa 80 sun ishe ka koyo.

In Ubuntu ya nuna maka saƙo game da RST, wani tsarin Intel na sarrafa faifai, sai an mayar da saitin faifan zuwa AHCI a BIOS, amma fara sa Windows ya tashi a yanayin kariya (Safe Mode) ta msconfig, manhajar saitin tashin Windows, in ba haka ba zai ƙi tashi. Duba kuma yadda ka haɗa filashar a Rufus, manhajar da ke ɗora Ubuntu a filasha: in faifanka GPT ne, wato sabon tsarin raba faifai, to GPT da UEFI za ka zaɓa a cikin saitinsa. Tsohon tsarin MBR kaso huɗu na asali kawai yake ɗauka, kuma wasu laftof sun zo huɗun a cike. Akwai wani ɗan ƙaramin kaso na FAT32, kamar mega 100, mai suna EFI. Daga nan Windows yake tashi, kada ka goge shi.

Wasu za su ce ka kori Windows gaba ɗaya ka huta. Ga ɗalibin ilimi ban yarda ba. Shamila, manhajar littattafan Larabci, ta kan kwamfuta a Windows ta fi zama lafiya, kuma bahasin da ka tsara a Word da rubutun Traditional Arabic, in ka buɗe shi a LibreOffice, madadin Word a Ubuntu, shafuka da bayanan ƙasan shafi sukan goce, malamin da ke duba bahasinka kuwa Word zai nema.

Bayan ka gama, agogo zai ruɗe ka. Linux yana ajiye agogon na'ura bisa lokacin UTC, wato ma'aunin lokacin duniya, Windows kuma yana ɗaukarsa lokacin gari, mu a nan muna gaba da awa 3. Wani dare na hunturu ina rubutu a Windows, agogo yana nuna 2:30, sai na ji kiran sallar asuba daga masallacin unguwa. Gyaransa layi ɗaya ne a Ubuntu: timedatectl set-local-rtc 1.

In kana so mu yi tare, same ni ranar Alhamis bayan isha'i. Taho da caja, da faifan wajen, da filasha mai giga 8 wadda babu komai naka a ciki, domin Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6 kuma Rufus zai share ta tas. Allah Ya sauwaƙe.